Barin nama da kifi da duk abin da ya fito daga dabba: amsa ga wata ƙanwa daga Aboabo

Wata baiwar Allah daga unguwar Aboabo a nan Kumasi, malamar makaranta mai shekara 29, ta aiko mini da tambaya. Ta ce mahaifinta yana fama da hawan jini da ciwon sukari, kuma ta kalli bidiyoyi da yawa a YouTube na mutanen da suka daina cin nama da kifi da ƙwai da madara da zuma, suna cewa lafiyarsu ta gyaru. Ta ƙara da cewa tun tana yarinya yankan dabba yana sosa mata rai. Tana so ta bi wannan hanya, ita da ɗanta ɗan shekara biyu da ta yaye kwanan nan, sai dai uwar mijinta ta ce wannan ƙin ni'imar Allah ne. Ta nemi in gaya mata ra'ayina a matsayina na mai ba marasa lafiya shawara kan abinci.

Ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma saka miki da alheri da kika tsaya tambaya kafin ki sauke tukunya ki ɗora wata. Ra'ayina a taƙaice shi ne babban mutum mai lafiya zai iya rayuwa a kan tsirrai zalla a garin nan ba tare da ya cutu ba, da sharaɗin ya san abin da zai cike gurbin da ya bari, kuma ya riƙi ƙwayar bitamin B12 har iyakar zamansa a kan wannan tsari. Game da yaronki kuwa, ban goyi bayan ki cire masa ƙwai da kifi ba, kuma zan faɗi dalilina a gaba.

Sunan da ake kiran wannan tsari da shi, wato bigan, wani Bature ɗan Ingila mai suna Donald Watson ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1944, lokacin da shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masu ƙauracewa kayan dabba baki ɗaya, don su bambanta kansu da waɗanda suka bar nama amma suna shan madara suna cin ƙwai. Tunanin kansa ya girmi Turawan nan da nisa, domin mawaƙin Larabawa Abul Ala al-Ma'arri, wanda ya rasu a 1057, ya shafe shekaru masu yawa ba ya cin nama ko ƙwai, ba ya shan madara ko zuma. Na kawo wannan ne don ki san cewa al'amarin tun asalinsa ya shafi tausayin dabba ne, maganar lafiya daga baya ta shigo, kuma dalilan biyu ba lallai su kai mutum ga hukunci ɗaya ba.

Abin da bidiyoyin da kika kalla ba za su gaya miki ba, saboda yawancinsu an yi su ne don mutanen Amurka da Turai, shi ne cewa girkinmu na Zango tun fil azal rabinsa na tsirrai ne. Koko da ƙosai da muke karyawa da su gero ne da wake, babu ko ɗigon abin dabba a ciki. Waakye da ya zagaye Gana sunansa ma daga kalmarmu ta wake ya samo asali. Ga tubani, ga alala, ga ɗanwake, ga dafaffiyar gurjiya, ga wake da manja da gari da soyayyar ayaba, ga kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, ga tuwon zafi da miyar ayoyo ko kuka ko kuɓewa. Wanda yake zaune a Landan sai ya nemi shago na musamman kafin ya sami irin abin da ke kike iya saye a bakin titin Asawase da sassafe. Nama kuwa, a gidaje da yawa yanka ɗaya ne ko biyu a saman tuwo, kuma ba kullum ba. Saboda haka barin nama a wurinmu ƙaramin al'amari ne. Babban al'amarin shi ne kifi. Kusan kashi 60 cikin 100 na furotin ɗin dabba da mutanen Gana ke ci daga kifi yake fitowa, kuma yawancinsa ba a ganinsa a kwano: dakakken busasshen kifi a cikin miyar ayoyo, kifin gishiri irin su momoni da kobi a miyar ganyen gwaza da muka koya daga Tonawa, garin kifi da jatan lande a cikin shito. Wannan ɗan kifin da ake barbaɗawa shi ne yake riƙe da jinin mata da yawa ba tare da sun sani ba, kuma ranar da kika cire shi, kin cire abin da ya fi yankan naman muhimmanci.

Amfanin da ake faɗa ba ƙarya ba ne. Dogon binciken da aka yi kan mabiya cocin Adbentis a Amurka, waɗanda da yawansu ba sa cin nama, ya nuna cewa masu cin tsirrai zalla sun fi sauran ƙarancin ƙiba da ciwon sukari da hawan jini. Dalilin a bayyane yake: wake da ganye da hatsin da ba a surfe shi sarai ba suna cika ciki, suna rage saurin hawan sukari a jini, kuma ba su ɗauke da kitsen dabba mai toshe hanyoyin jini. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama, irin su tsiran Turawa da naman gwangwani, cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin babban hanji, ta ce cin giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin 100. Jan nama kuma ta ce akwai yiwuwar yana haddasawa.

Sai dai a nan ne na fi ganin mutane suna gudun gara su faɗa zago. Farin burodi da baƙin shayi mai cokali uku na sukari babu dabba a cikinsu. Soyayyar doya, finkaso, lemon kwalba, farar shinkafa tudu guda da jan mai da dunƙulen magi huɗu, duk sun cika sharaɗin bigan, kuma duk su ne ainihin abin da ke kai mutanenmu ga ciwon da Baba yake fama da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya har da wanda ke cikin magi da yaji, kuma ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Idan tsoron gadon hawan jini da sukari ne kaɗai ya kawo ki, to waɗannan biyun, tare da rage suya da tafiyar ƙafa, za su ba ki mafi yawan abin da kike nema ko da kina cin kifinki.

Yanzu bari in daɗe a kan B12, domin shi ne abin da ba na sassautawa a kansa. Wannan bitamin ƙananan halittun bakteriya ne kaɗai ke ƙera shi, dabbobi suna tara shi a jikinsu, mu kuma muna samunsa ta nama da hanta da kifi da ƙwai da nono. Babu wani ganye ko hatsi ko ɗan itace a kasuwar Kejetia da za ki dogara da shi don samunsa. Zogale ba shi da shi, duk da yawan alherinsa. Daddawa ba abin dogaro ba ce a nan, haka ma koren garin sifirulina da wasu ke tallatawa, domin mafi yawan abin da ke cikinsa mai kama da B12 ne wanda jikin mutum ba ya amfana da shi. Abin da babba ke bukata ɗan mitsitsi ne, maikirogiram 2.4 a rana, mai ciki 2.6, mai shayarwa 2.8, amma da wannan ɗan mitsitsin ne ɓargo yake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kuma da shi ne ake gina rigar da ke lulluɓe jijiyoyi.

Abin da ya sa rashinsa yake da hatsari shi ne jinkirin bayyanarsa. Hanta tana ajiye abin da zai ishi mutum shekaru, sau da yawa biyu zuwa biyar, don haka wanda ya bar kayan dabba zai ji daɗin jikinsa a shekarar farko da ta biyu, har ya riƙa gaya wa mutane cewa ga shi nan garau ba ya shan komai. Sannan a hankali gajiya ta fara, harshe ya yi ja yana zafi, tafin ƙafa da yatsu su riƙa yin kamar ana tsira musu allura, tafiya ta fara tangal-tangal musamman cikin duhu, mantuwa ta shigo. Ga wani abin da ke ruɗar da har ma'aikatan lafiya: wake da ganye suna cike da sinadarin folat, shi kuma yana iya gyara kamannin jini a gwaji alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa. Na taɓa zama da wani magidanci da ya yi shekara huɗu a kan wannan tsari, aka turo shi wurina bayan an gwada sukarinsa sau da dama ana zaton shi ne ya kashe masa ƙafa. Da aka auna B12 aka tarar ya yi ƙasa ƙwarai. Allura ta dawo masa da ƙarfi cikin makonni, amma sagewar yatsun ƙafarsa ba ta tafi gaba ɗaya ba har ranar da na yi masa ganin ƙarshe, kuma abin yana damuna har yau, domin ƙwaya mai araha ce da za ta hana wannan duka.

Ita kanta ƙungiyar masu wannan tsari ta Ingila tana umartar mabiyanta su sha aƙalla maikirogiram 10 a kullum ko 2,000 sau ɗaya a mako. Adadin na mako ya yi yawa haka ne saboda hanji ɗan kaɗan yake iya tsotsa a lokaci guda. Ki je kantin magani mai rajista ki nemi sayanokobalamin, wato ƙwayar B12, ki karanta adadin da ke jikin kwalbar, kada ki wadatu da maganin ƙarin jini na ruwa da ba ki san abin da ke cikinsa ba. Kuma tunda Baba yana da ciwon sukari, idan metformin yake sha shekara da shekaru, shi ma ya kamata a duba masa B12 ko da yana cin nama, saboda maganin yana rage tsotsarsa.

Na biyu shi ne sinadarin ƙarfe, kuma ya fi shafar ki a matsayinki na mace mai jinin al'ada wadda ba ta daɗe da gama goyo ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2022 ya nuna cewa kimanin mata huɗu cikin goma masu shekarun haihuwa a Gana suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kusan rabinsu. Wannan fa da kifin da naman ke nan, ga zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna nasu aikin. Mace irinki tana bukatar miligiram 18 a rana, namiji 8 kacal, kuma da yake ƙarfen da ke cikin tsirrai ya fi wuyar shiga jini, masana a Amurka sun ƙiyasta cewa wanda ba ya cin nama yana bukatar kusan ninki biyu na wannan adadi a kwanonsa. Wake, waken suya, gurjiya, agushi, riɗi, gero, daddawa, alayyaho da ganyen gwaza duk suna da shi. Dabarar ita ce a haɗa su da abu mai bitamin C a zama ɗaya: ɗanyen tumatir da tattasai a kan wake, matsin lemon tsami a kwaɗo, lemon zaƙi ko gwaiba ko abarba bayan an sauke cokali. Shayi kuwa yana ɗaure ƙarfen ya hana shi shiga, don haka ki raba shi da abinci da kamar awa ɗaya ko biyu. Jiƙa wake ya kwana a zubar da ruwan, da tsimar da gero ko masara kamar yadda ake yi wa koko da dokunu, suna rage sinadarin da ke riƙe ƙarfe da zinki a cikin hatsi, kuma waken da ya jiƙu ba ya bukatar kanwa mai yawa, wadda ita ma tana kashe wasu bitamin. Kada ki fara shan ƙwayar ƙarfe da kanki sai an gwada jininki, musamman idan akwai ciwon sikila a dangi.

Furotin, wanda shi ne kowa ke fara tambaya a kansa, shi ne mafi sauƙi. Ana lissafa kimanin giram 0.8 ga kowane kilo na nauyin jiki, ke nan mace mai kilo 65 tana neman giram 52 ko sama kaɗan. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da kusan 13, cikin tafin hannu na gyaɗa 7 ko 8, awara da waken suya sun fi haka, tuwo da shinkafa su ma suna ƙara nasu. Abin da hatsi ya gaza a kai wake yana da shi, abin da wake ya gaza a kai hatsi yana da shi, shi ya sa koko da ƙosai ko shinkafa da wake suka dace tun kafin a san sunayen sinadaran. Gargaɗi ɗaya kawai: tunda gyaɗa za ta yawaita a girkinki, ki tsince wadda ta yi funfuna ko ta yanƙwane ko take ɗaci, ki kuma san wurin wanda kike sayen tunkuza da ƙuliƙuli, domin gubar afalatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da aka ajiye da danshi tana lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

Ƙashi ma yana da hakkinsa. Mu ba masu yawan shan madara ba ne in ban da fura da nono da wagashi lokaci-lokaci, don haka wani kaso mai kyau na kalsiyam ɗinmu daga ƙananan kifin da ake ci har da ƙaya yake zuwa. Wani babban bincike na jami'ar Oksfod da aka wallafa a 2020 ya gano cewa masu cin tsirrai zalla sun ninka masu cin nama fiye da sau biyu wajen karayar ƙugu, kuma ƙarancin kalsiyam da furotin da rama suna cikin dalilan. Babba yana neman kusan miligiram 1,000 a rana. Garin kuka, riɗi, zogale, kuɓewa da madarar waken suya wadda aka rubuta a jikinta cewa an ƙara mata kalsiyam su ne mafitarki, tare da ɗan zama a hantsi don bitamin D, musamman ga mu da muke rufe jiki kuma muke yini a cikin ɗaki. Gishirinki kuma ya zama mai aidin, tunda kifin teku ya fita.

Maganar yaro ita ce inda na fi taka-tsantsan. A birnin Akra ne likita Cicely Williams ta bayyana wa duniya ciwon kwashiyoko a shekarun 1930, ta kuma ɗauki sunan daga harshen Ga, inda yake nufin ciwon da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda zuwan ƙani. Yaran da ta gani an yaye su ne a kan kunun masara zalla. Ban ce wannan zai sami ɗanki ba, amma tarihin yana tuna mana cewa shekarun bayan yaye su ne mafi rauni. Cikin ɗan shekara biyu ƙarami ne, wake da ganye suna cika shi tun kafin ya sami ƙarfin da yake bukata, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa da B12 da ƙarfe da aidin da irin man da ke cikin kifi. Masana ma sun rabu a nan. A 2016 ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ce tsarin tsirrai zalla, idan an tsara shi da kyau, ya dace da kowane matakin rayuwa, a wannan shekarar kuma takwararta ta Jamus ta ce ba ta ba da shawararsa ga masu ciki da masu shayarwa da jarirai da yara ba. Abin da nake dubawa shi ne sharaɗin nan na tsarawa da kyau, wanda a can yana nufin abinci masu ƙarin sinadarai a kowane shago da gwajin jini a kai a kai. A Aboabo yaro yana yini wurin kakarsa, yana ci a makaranta, zazzaɓi yana kwantar da shi sau biyu ko uku a shekara. Ƙwai ɗaya a rana da cokali ɗaya na garin kifi a kununsa suna toshe ramuka da yawa da kuɗi kaɗan, kuma ban ga hujjar da za ta sa a hana shi ba. Idan ya girma ya zaɓa wa kansa. Haka nan idan Allah ya kawo wani rabo, ki gaya wa ma'aikatan awo tun zuwan farko irin abincin da kike ci, kada ki ɗauka ƙwayoyin ƙarfe da folik da ake bayarwa sun ƙunshi B12 sai kin tabbatar, domin jaririn da uwarsa ba ta da shi a nono yana iya samun illar ƙwaƙwalwa tun cikin shekararsa ta farko.

Game da maganar Hajiya uwar mijinki, ni ba malamar fiƙihu ba ce, kuma zai yi kyau ki zauna da malamin da kika amince da shi, amma akwai abin da yake sananne ga duk wanda ya yi zaman makarantar Islamiyya. A cikin suratul Ma'ida Allah ya hana muminai haramta kyawawan abubuwan da ya halatta musu, kuma a cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi inkarin wasu sahabbai da suka ɗauki alkawuran takura wa kai da sunan ibada, cikinsu har da wanda ya ce ba zai ci nama ba. A ɗaya ɓangaren, shi da kansa an kawo masa naman damo bai ci ba, ya ce ba haramun ba ne, ransa ne kawai ba ya so, Khalid bin Walid kuma ya ci a gabansa. An kuma ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya gargaɗi mutane kan yawan cin nama saboda yana da sabo irin na giya. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne barin cin abu saboda lafiya ko saboda rai ba ya so daban yake da ɗaukarsa haramun ko ganin mai cinsa azzalumi ne. Wasu daga cikin masu wa'azin wannan tsari a intanet suna kiran yanka kisan kai, kuma wannan magana ba ta da masauki a zuciyar Musulmar da ta san layya da yankan suna. Zuma kuwa Alƙur'ani ya ambace ta da waraka a suratun Nahli, kuma a fannina ban san wata riba ta lafiya da ake samu da barinta ba, in dai ba a ba jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba.

Ina ganin tsoron Hajiya ya wuce na nassi. Tsohuwar da ta ga lokacin da nama sai Sallah, idan surukarta ta mayar mata da kwano, abin da za ta ji shi ne an raina girkinta. Ki je mata da ladabi ki ce, Hajiya, ban haramta ba, ina tsoron ciwon da ya kama Babanmu ne, kuma jikanki zai ci gaba da cin ƙwansa da kifinsa. Ki ci gaba da yi wa maigida da sauran gida miyarsu yadda suka saba, ki ɗebi taki kafin a zuba kifi, daddawa da albasa da citta za su riƙe mata ɗanɗano. Ran Babbar Sallah kuma a yi layya, ki taya aikin, ki raba wa maƙwabta da mabukata. Ko za ki ɗanɗana ko ba za ki ɗanɗana ba, wannan tsakaninki ne da zuciyarki, ko da yake ni da a ce ni ce, zan ci loma ɗaya ta hantar don faranta ran tsohuwa.

Tausayin dabba da kika ambata ina girmama shi ƙwarai, kuma ban ɗauke shi rauni ba. Duk wanda ya ga yadda ake cusa shanu a manyan motoci tun daga arewa, su kwana a hanya cikin ƙishi, ko yadda ake ɗaure kaji a rataye su kai a ƙasa a bayan babur, ya san akwai abin gyara. Addininmu ya riga ya yi magana, domin hadisin Shaddad bin Aus ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har mai yanka an umarce shi ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Batun muhalli ma gaskiya ne cewa Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo yana fitar da kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, amma naman da ɗan Gana ke ci a shekara bai kama ƙafar na Ba'amurke ba, kuma shanun Sahel suna kiwo ne a filayen da galibi ba sa noman kirki. Takalmin fata da jaka da buzun salla ba su shafi lafiya ba, zaɓinki ne. Magani dai kada ki ƙi shi don an ce kwanson ƙwayar daga dabba aka yi, domin su kansu masu tsarin sun ce a bi shi ne gwargwadon abin da zai yiwu.

Tunda ra'ayina kika nema, ni kaina na daɗe da rage nama zuwa sau ɗaya a mako ko ƙasa da haka, wake ko gurjiya ko awara ba sa yankewa a gidana, amma ban bar ƙananan kifi da ƙwai ba, kuma wannan ne nake ba mafi yawan matan da ke zuwa wurina. Idan duk da haka zuciyarki ta tsaya a kan barin komai, to ki fara da gwajin yawan jini da ma'ajiyar ƙarfe da B12 don ki san inda kika tashi. Wata na farko ki cire sarrafaffen nama da jan nama, ki ƙara wake sannu a hankali don kada kumburin ciki ya sa ki karaya. Bayan haka kaza da madara su biyo baya, kifi da ƙwai su zama na ƙarshe, kuma ranar da kika ajiye su ita ce ranar da za ki fara shan ƙwayar B12. Ki maimaita gwajin bayan wata shida, sannan sau ɗaya a shekara. Idan kika ga jiri, ko bugun zuciya da kin hau bene, ko zubar gashi, ko al'ada ta rikice, ko yatsu sun fara sagewa, kada ki jira lokacin gwajin ya yi, ki tafi asibiti a makon, ki kuma faɗa wa likita tun kafin ya tambaya cewa kin daina cin duk abin da ya fito daga dabba da kuma tun yaushe.